Jar Hula a Kasuwar Yamai

Mun tashi da asuba daga Birnin Ƙonni, ni da kwanduna biyu na huluna da wata maƙwabciyarmu da Baba ya damƙa ni a hannunta, ita za ta Yamai ganin ɗanta. Ku 'yan ajinmu kun yi ta aiko tambaya, wai me ya dawo da ni bayan duk cika bakin da na yi. To ga labarin.

Kun san tun da na bar kolej ba ni da wani buri sai in shiga koyon aikin ungozoma a Yamai. Gwaggona da ke unguwar Talaje a can ta ce ɗaki akwai, tabarma akwai, amma cikina sai dai in riƙe shi da kaina. Baba kuma ya yanke magana: in hulunan sun karɓu in zauna in yi karatuna, in ba su karɓu ba in dawo gida, kada a sake tayar da zancen.

Saƙar ita ce wadda Madam ta koya mana a ajin ɗinki, ta zoben katako mai ƙananan ƙusoshi kewaye. Ki naɗa zare a kowace ƙusa, ki sake zagayowa, ki sa ƙugiya ki ɗaga na ƙasa ya tsallake na sama, hula na saukowa ta tsakiya kamar ana haihuwarta. Kafintan unguwarmu ya yi mini zobe babba na manya, matsakaici na yara, da ɗan ƙarami na jarirai. Ulu kuwa tsofaffin rigunan sanyi ne da Turawa suka bari da za su tafi, na saya na warware su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci farare ne ko ruwan toka, wa zai sayi wannan? Sai Inna da matan gidanmu suka ce ai ga galurar da suke rina kaba da ita, shekara da shekaru faifansu da tabarminsu ba su taɓa zuba ba. Muka haɗa tukwane muka rina: ja, kore, shuɗi, ruwan goro. Na yi wasu da launin sabuwar tutarmu, na ɗora wa na yara tuntu a ka. Ran da muka shanya su a igiya, har daga wasu unguwanni aka zo kallo.

Kamiyon albasa muka samu, babbar motar kaya, muna zaune a kan buhuna. Hanyar jar ƙasa ce mai kunya-kunya, in direba ya yi gudu haƙora su kaɗa, in ya yi sannu hanji ya kaɗa. Kafin Dogondutsi kowa ya yi warin miya. Can muka tsaya, na sha furar da ban taɓa shan mai kauri irinta ba, dala ɗaya har na bar saura. A shingen jandarma wani ya buɗe kwandona ya ga zoben da ƙusoshi, ya tambaya da Faransanci ko tarkon ɓera ne. Da na ba shi amsa da Faransanci sai ya kira ni madamozel, ya ɗora hular jariri mai tuntu a kan tasa hular, fasinja suka yi ta dariya. Na ɗauka alamar nasara ce.

Daga Doso hanya ta ɗan yi sauƙi, Hausa kuma ta fara ƙaranci a bakin masu talla, sai fofo, fofo, gaisuwar Zabarmawa. Bayan Birnin Gaure muka ga raƙuman dawa suna cin ganyen gawo, ko kallon motar ba su yi ba. Tayarmu ta fashe sau biyu. Mun shiga Yamai rana ta yi ja, na ga gine-ginen gwamnati da tutoci, na ga kogi yana walƙiya daga nesa, zuciyata ta ce ga garinki.

Talaje dai ba irin Yaman da muke gani a hoto ba ce. Bukkoki ne da ɗakunan laka, kowa na ɗora nasa yadda ya samu, ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa. Gwaggo ta karɓe ni da dambun zogale, su suna ce wa zogalen kwabto, ta juya hulunan a hannu ta ce ba ta taɓa ganin irinsu ba ko a butik, kantin 'yan gayu. Ta ce komai na garin nan da tsada, icen da muke tsinta a banza a nan ƙulli ne ake sayarwa, amma mutanensa na son abu mai launi.

Washegari ta kai ni Kalle, bakin babbar kasuwa, wurin wani tsohon tela Bakatsine da ya san marigayi mijinta. Ya ba ni gefen rumfarsa na shimfiɗa zane na jera. Safiyar da ɗan sanyi, sanyin farkon kaka. Na zauna ina saƙa don mutane su ga da hannuna nake yi. Wallahi sun karɓu. Wani direba ya ɗauki mai launin tuta, masu kwale-kwale biyu suka ɗauki shuɗiya don sanyin kogi, mata suna ɗaga na yara suna taɓa tuntun. Hausarsu ta kasuwa ce, namiji mace duk ɗaya, wata ta yi ta ce mini “kai yarinya, rage mana”, amma muna fahimtar juna. Kafin hantsi ya dubi ludayi na fara lissafin irin farar rigar da zan ɗinka ta makaranta.

Cikin masu sayen akwai wata yarinya Bazabarma, ba za ta girme ni ba, da goyon fari da bai wuce wata biyu ba, surukarta na biye da ita. Tsohuwar ce ta zaɓi ja. Ta nuna mini maɗigar jaririn da yatsa, wurin nan mai laushi da ke bugawa a tsakiyar ka, tana nufin a rufe shi kada iska ta shiga. Ni da kaina na sa masa, na gyara masa kunnuwa. Uwar ta mayar da shi baya, ta ja mayafi ta lulluɓe shi har kai, suka shige kasuwa.

Rana ta take. Sanyin safe ya tafi kamar ba a yi shi ba, kwanon rumfa ya ɗauki zafi. Ina cikin cin fari masa, irin fanken nan, na ji kururuwa na tahowa ta layin masu gishiri. Tsohuwar ce a gaba, jaririn a hannunta, mutane na bin ta. Ja yana gangarowa daga ƙarƙashin hular, ya bi goshinsa, ya cika idanunsa, ya sauka har wuya. Yana ta tsala kuka. Uwar ta yar da mayafi tana dukan ƙirji. Ni ma da na gani jini na ɗauka.

Ban san abin da suke faɗa ba, Zabarmanci ne da sauri. Wani ya fizge zoben jarirai daga cinyata ya ɗaga sama yana nuna ƙusoshin, jama'a suka ɗauki ihu. Kalma ɗaya na gane, don da Hausa aka jefo ta: mayya. Aka mare ni, ban ga wa ba. Aka ture kwandunan, na ga ƙafafu a kan aikin da na yi damina guda ina yi. Wata ta riƙe gashina. Na yi ta magana da Faransanci, ban san dalili ba, kamar ina gaban mai jarrabawa.

Telan ne ya ratsa su. Ya zare hular daga kan yaron, ya tsiyaya mata ruwan butarsa, ya matse. Jan ruwa ya zuba a ƙasa. Ya jiƙa ƙyalle ya goge kan jaririn, ya nuna wa tsohuwar babu ko ƙwarzane.

“Rini ne, bayin Allah,” in ji shi. “Gumi ne ya narkar da rini. Ku sakar mata kai.”

Suka sake ni. Wasu suka fara dariya, dariyar ta fi marin ciwo. Amma yaron bai daina kuka ba, idanunsa sun kumbura sun ƙi buɗewa, yana ta murza su da ɗan hannunsa. Uwar ta karɓe shi ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Suka nufi disfansa, ɗakin shan magani, da gudu. Can sai ga direban nan ya dawo da kore da ruwan goro a goshi, ya ajiye hular a gabana, na mayar masa da kuɗinsa. Haka sauran suka yi ta zuwa. Galurar kaba a kaba take zama, kuma faifai ba ya gumi. Duk gidanmu babu wadda wannan ya zo wa a rai.

Gwaggo ta ce mu gwada wanke hulunan, ko rinin da zai fita ya fita a sayar da saura. Kunya ba ta bar mu zuwa mashayar kusa ba. Wani maƙwabcinta mai ɗaukar yashi ya kai mu Tondibiya, ƙauye ne a bakin kogi yamma da gari. Wuri mai kyau, da duwatsu da gonakin shinkafa, kifi kuma araha ƙwarai, rabin kuɗin cikin gari. Na zuba hulunan a ruwa, ja da kore da shuɗi suka bi kogi, yaran ƙauyen suna bin launin a guje ta gaɓa. Da suka bushe duk sun zama kalar kunun kanwa, ulun ya cure, na manya sun koma na yara, na jarirai ko ɗiyar tsana ba za su shiga ba.

Na roƙi Gwaggo mu je disfansar mu tambaya. Muka je. Ma'aikacin jinyar ya ce an wanke wa wani jariri ido an sa magani, an ce su dawo, ba su dawo ba. Bai san unguwarsu ba. Telan ma bai san su ba. Na yi ta zagaya Kalle ina leƙa bayan kowace mai goyo har wata ta yi mini tsawa.

Labarin kuwa ya riga mu isa Talaje, ya ƙaru a hanya. A wurin 'yan garuwa an ce jaririn ya makance, a wurin mai niƙa an ce ya mutu. Wata mai ciki da ke gidan ta daina fitowa tsakar gida in ina nan. Gwaggo ta zaunar da ni bayan la'asar, ba ta dubi fuskata ba.

“Ɗiyata, ni na san ba ki da laifi,” ta ce. “Amma wadda aka kira da wannan suna a kasuwa, wace mace za ta yarda ta karɓi haihuwarta a garin nan? Ni kuma haya nake.”

Na ce na ji, Gwaggo.

Dawowa kamiyon gishiri ne, ni kaɗai, maƙwabciyar tamu ta tsaya wurin ɗanta. Ban ci komai ba sai rake a Doso. A shingen nan jandarman ya gane ni, ya tambayi madamozel ina huluna, na ce an sayar. Da na shiga gida Inna ta buɗe kwandon ta gani, ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Baba ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tashi ya tafi masallaci. Zancen Yamai bai sake fitowa ba, ni ma ban tayar ba.

Kun ce in faɗa muku abin da na koyo. Na koyi cewa hanyar Yamai doguwa ce, ku tafi da guzuri, ku zauna kusa da kan mota. Na koyi cewa abin da duk gidanku suka yarda da shi yana iya zama kuskure, ba wanda zai sani sai ya hau kan ɗan wani. Sauran ban san ko darasi ba ne. Jiya matar wana ta miƙo mini jaririyarta in riƙe mata ta sauke tukunya, na ɓoye hannuwana a baya. Wadda za ta je Yamai a cikinku, in ta bi ta Kalle, ta tambayar mini telan ko an ga yaron, ko yana gani.