Jirgin Yaya da Akwatin Iska

Yayana makanikin babura ne a Dogon Dutsi, kuma shekara shida ya yi yana ƙera jirgin sama a bayan gida, da bututun ƙarfe da tamfol da injin wani tsohon babur. Mutanen gari sun gama yanke masa hukunci cewa kansa ya taɓu. Abin yana cinsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Ni malamin makaranta ne, ban iya ko canza buji, wato fulogi, ba, amma ina da baki. Na ga ya cire akwatin iskar da ke gaban kabireta, wanda soson cikinsa ke tace datti kafin iska ta haɗu da fetur. Na ce ya mayar.

"Mushe, mi kas sani?" in ji shi, don haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu. "Abin ga nauyi garai, kuma shaƙe inji yaka yi. Sama akwai datti?"

"Yaya, ai sai ka bi ta ƙasa kahin ka kai sama."

Wata guda muna wannan musu, har matanmu suka daina kawo mana abinci a kwano ɗaya.

Bayan girbi muka tura jirgin zuwa wani fili a hanyar Matankari, rabin gari na biye da mu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne mata suna shiƙar hatsi a gefen filin, iska kuma wajenmu take kaɗawa. Inji ya tashi da ƙara mai daɗi, farfela ta juya, ta jawo ƙaiƙayin nan kaf. Ya yi tari sau uku kamar tsohon da ya ƙware da fura, ya mutu. Aka bushe da dariya.

Gaskiyata ta fito, amma wallahi ban ji daɗinta ba. Ina kallon yayana durƙushe yana tsince ƙaiƙayi da tsinke. Akwatin kuwa yana cikin babbar rigata tun daga gida. Na ajiye shi kusa da ƙafarsa. Ya ɗaura bai dube ni ba.

Wannan karon inji ya riƙe. Jirgi ya ruga cikin filin da Yaya a ciki yana tangaɗi, iskar farfela ta tuɓe mini hula. Na sunkuya ɗauka, sai na ji ihu. Kafin in ɗago har ya tsaya cikin kara. Wasu suka ce ya tashi kamu ɗaya, wasu suka rantse tudu ya taka.

Yaya ya ratsa taron nan duka, ya zo gabana yana haki.

"Su ba ni yarda da su. Kai ba ka raga mani. Ya tashi?"

Na ce masa da idona na gani. Bai sake tambayar kowa ba.