Jimla ta Huɗu

Benci ɗaya muke jiran mota ni da wata dattijuwa. Tabaraunta na ɗaure da zare ta kunne guda, littafin ajin manya na buɗe a cinyarta, waya na kife a gefe. Aikin Turanci take yi. An bar gurbi a tsakiyar kowace jimla, ita za ta saka kalmar da ta dace da rayuwarta. Ta cike uku, ta huɗun ce ta tsayar da fensirinta: "My son ... calls me", wato "Ɗana ... yana kira na a waya."

"'Yar nan," ta ce da ni, "wacce ce 'ba kasafai ba'?"

"Rarely, Mama."

Tana rubutawa a hankali, harafi bayan harafi. Sai ta juyo wayar ta duba, ta sake kife ta. Ina jin don jikokin da ba sa jin Hausa take shan wannan wahala.

Can sai ta lashi yatsa, ta murje kalmar har takardar ta kusa hujewa. Ta rubuta "always", wato kullum.

Ba ta dube ni ba ta ce, "A gaban aji malamarmu ke sa a karanta."