Labulen Ammi Salah

Ku da kuke yi mini dariya don ina barin ninki mai faɗi a ƙasan kowane ɗinki, ku matso ku ji. Har gobe ban manta da ranar da Ammi Salah ya shigo shagon nan yana tari ba. Lokacin sanyi ne, ban daɗe da sayen keken ɗinkin nan na biyu ba.

Ammi Salah, wato Baffa Salah, Balarabe ne na arewa, can bakin teku. Duk ƙuruciyarsa ya yi ta yana gadin wata hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Da ƙirjinsa ya lalace, likita ya ce ya nemi busasshiyar iska, shi ne ya dawo nan Tamanrasset. Ni kuwa kun san ni, daga Damagaram sai nan. Ko garin Tit da ke nan kusa ban cika zuwa ba, balle teku.

Ya zauna, na zuba masa shayi, ya ce, "Si Habu, labule nake so." Si ɗin nan a wajensu kamar Malam ne.

Na ce, "Na ɗaki ko na zaure, Ammi?"

Ya ce, "Na fitila."

Sai ya yi mini bayani. A ƙwanƙolin hasumiyar akwai ɗaki, bangonsa duk gilashi, a tsakiya kuma wani ƙaton gilashi mai tara haske. Da dare shi ke jefa hasken nesa. Da rana kuwa in ba a rufe shi ba, sai ya tara zafin rana har ya ƙona abu. Don haka mai gadi kan ja labule da asuba, ya buɗe da magariba. An daɗe da rufe wurin, amma 'yarsa Nadiya ta bugo ta ce ana gyara: an yi fenti, an wanke gilashi, labule ne kawai ya ruɓe. Ya roƙa a bar masa wannan, aka yarda. Shi ba zai iya zuwa ba, raɓar teku za ta kwantar da shi. Yana so dai wani abu nasa ya koma can.

Na ce, "To Nadiya ta auno mana da metir, tef ɗin awo."

Wayyo, kamar na zage shi! Ya ce, "Ni za a auno wa? Hannuna ya fi metir ɗinka sanin ɗakin nan."

Ya miƙe a tsakiyar shago, ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama. "Nan ƙugiya take." Ya kai ɗayan hannun gwiwarsa. "Nan gilashi ya ƙare, nan labule yake tsayawa." Ya dinga zagayawa yana jan iska, ni ina binsa da metir kamar mahaukata biyu. Maƙwabcina mai gyaran takalma ya leƙo ya ce, "Habu, yau aljanu kake yi wa riga?"

Na sayo zane mai kauri irin na tanti. Ya ce in yanka daidai, kada in ƙara ko yatsa. Na ce to. Amma maigidana da ya koya mini ɗinki yakan ce abin da almakashi ya ci ba ya amayarwa. Sai na yanka da saura, na ninke a ƙasa, na kama da jan zare. Da ya zo ɗauka ya taɓa ya ce, "Wannan kaurin fa?" Na ce, "Nauyi ne, Ammi, kada iska ta yi wasa da shi." Ya harare ni. Muka sa a motar arewa.

Bayan kwanaki ya dawo da waya a hannu, fuska ba walwala. Nadiya ta turo hoto. Labule ya rataye, amma bai kai ƙasan gilashi ba, rana na shiga ta ƙarƙashi wajen taki guda.

Ya ce, "Sun ɗaga ƙugiyoyin."

Na ce, "Ka tambaye ta?"

Ya ce, "Na tambaya. Tsofaffin ne, ba wanda ya taɓa su." Ya dubi hannuwansa, ya dubi bayansa da ya ranƙwafa a madubin gwaji. Can ya ce, "Si Habu, hasumiya tana nan yadda na bar ta. Ni ne na rage."

Na ce, "Ammi, kira ta. Ka ce ta sami reza ta farke zaren nan ja na ƙasa."

Da yamma wani hoton ya zo. Labule ya sauka har ƙasan gilashi, ba inda rana ta samu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga sandarsa kamar zai buge ni. "Maƙaryaci! Ka ce nauyi ne!"

Na ce, "Ai ya yi nauyin, Ammi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Tun daga ranar, duk asuba in mun fito masallaci sai ya ce mini, "Yanzu ana jan labulenmu."

To kun ji. Mutum yakan kawo maka awon da yake riƙe da shi a zuciya, na lokacin da yake da ƙarfinsa. Kada ka yi masa gardama, ba ƙarya yake ba. Ka ce to, ka ɗinka yadda ya ce, ka bar masa ninki.