Verna Ta Karɓi Sitiyari

Verna Lindqvist ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abincin rana a wani ƙaramin gari a arewacin Minnesota. Duk shekara, da zarar an ba da dogon hutu, mijinta Orville zai ɗaura tirelar da suke kwana a ciki a bayan mota, su nufi sansanin bakin tafki da ke cikin gandun dajin gwamnati. Shi ke tuƙi, ita tana gefe. A haka suka tsufa.

Sai ɓarin jikin Orville ya shanye. Ya samu sauƙi har yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi tuƙi. 'Yarsu Gretchen ta kawo shawarar a sayar da tirelar.

"Mama, ko ribas ba ki taɓa yi da ita ba."

"Ba a taɓa ba ni ba ne," in ji Verna.

Ta koma filin ajiye motoci na cocinsu tana koyo ita kaɗai, ta jera garewanin shara a madadin bishiyoyi. Ta lotsa da yawa. Da ƙanƙarar tafkin ta narke, ta zaunar da Orville a kujerar gefe, ta ja suka tafi.

Wurin da suka saba sauka matsattse ne, tsakanin wata ƙatuwar bishiya da famfon ruwa. Maƙwabta suka bar gashin namansu suka zo kallo. Orville ya sauka, ya dogara sanda, ya fara ba da umarni.

"Hagu! Na ce hagu!"

"Tsoho, hagunka ko nawa?"

"Hagu ai ɗaya ne."

"To je ka zauna da shi a kan benci."

Aka yi dariya, ya tafi yana gunaguni. Verna ta gyara madubi, ta riƙe ƙasan sitiyari, ta riƙa sakin birki a hankali. Tirelar ta karkace, ta ja gaba ta sake. Ta kuma karkacewa, ta sake. Can sai ga ta ta shige daidai, ko ganye ba ta taɓa ba.

Orville ya zagaya yana dubawa. "Kin ɗan matse famfon."

"Kai ka karya shi shekarar da aka haifi Gretchen."

Ya juya ya koma bencinsa.

Da kaka ta yi, ma'aikatan gandun suka roƙe ta ta zama mai kula da sansanin, ta amsa. Yanzu ita ke tarbar baƙi, ta kwashe tokar murahu, ta hana mutane kwana da abinci a tanti saboda namun daji. Orville kuwa ya koyi jefa fatsa da hannun hagu, yana wuni a bakin ruwa, kuma yakan kamo abin da ya ishe su soyawa.