Peniasi, Wanda Ya Rage a Tsohon Ƙauye

Peniasi taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Masunci ne, a ƙauyenmu da ke bakin teku a wani ɗan tsibirin Fiji. Manyan guguwowin teku huɗu ya gani a rayuwarsa, kuma da su yake tuna shekaru. In ka tambaye shi yaushe ya yi aure, sai ya ce, "Shekara biyu bayan wadda ta ɗauke rufin coci."

Ta farko yana ɗan shekara tara. Mahaifinsa ya ɗaure shi da igiya a jikin ginshiƙin ɗaki, ya kwanta a kansa. Peniasi ya ce iskar ba ta tsaya masa a rai ba kamar shirun da ya biyo baya, wata guda bai ji kukan tsuntsu ba.

Ta huɗu ce ta karya shi. Da rana tsaka ta zo, ranar Asabar. Rediyo ya yi ta gargaɗi, duk mun taru a makaranta a gindin tudu. Can sai matarsa Makelesi ta tuna da tabarmin da ta shafe wata shida tana saƙawa don bikin 'yarsu Unaisi.

"Baban Unaisi, bari in ɗauko su, yanzun nan zan dawo."

"Ke, rabu da tabarma! Ba ki ga sama ba?"

"Kai ka saƙa?" in ji ta, tana dariya, ta fice.

Ko minti goma ba a yi ba teku ta shigo gari. Maza huɗu ne suka danne Peniasi a bakin ƙofar makaranta don kada ya bi ta. Sai bayan kwana uku muka sami gawarta a gonar gwaza, aka binne ta a maƙabartar bakin ruwa.

Da shekara ta kewayo, hukuma ta ce ƙauyen ba zai ƙara zaunuwa ba, aka gina mana gidaje a kan tudu. Kowa ya hau, har aladu da ƙararrawar coci. Peniasi ya haɗa tsofaffin kwanon rufi ya yi bukka inda gidansa yake a da, ya zauna. Unaisi ta zo daga Suva, babban birni, ta yi kuka, ta roƙe shi ya bi ta, ta koma ita kaɗai.

Duk Asabar nakan sauka in kai masa dafaffen rogo. Nakan same shi yana jera duwatsu a kewayen kabarin Makelesi, saboda ruwa yana cin gaɓar kaɗan-kaɗan.

"Kai tsohon banza," nakan ce masa, "ƙaguwa ce za ta yi maka jana'iza?"

"Ta fi ki iya girki, ai. Wannan rogon ko dutse?"

"To dawo da shi."

Sai ya cinye tas. Wata rana da na tashi tafiya ya ce, "Sereima, ɗan ƙara zama. Tun da kika tafi wancan makon ban buɗe baki ba, har muryata ta zama baƙuwa." Sai na zauna.

Shekara shida ya yi a haka. Bara ruwa ya kai ga kaburbura, dattawa suka yanke shawarar a kwashe ƙasusuwan a kai tudu. Aka naɗe na Makelesi a sabuwar tabarma. Peniasi bai yi gardama ba, ya ɗauki tukunyarsa da ƙugiyoyinsa ya bi bayan masu ɗauka.

Yanzu yana ɗakin bayan gidana. Gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya sauka kamun kifi. Da hantsi yakan share kabarin, ya dawo ya zauna a inuwar mangwaro. Da yamma maza sukan taru shan kava, abin shanmu na gargajiya da ake jiƙawa da garin saiwa, su aiko a kira shi. Wani lokaci yakan je, ya sha ƙoƙo ɗaya, ya saurari hirar sabuwar hanya da famfon ruwa, ya tashi tun ba a yi nisa ba.