Muryar da Na Baro a Kasuwar Bawku

Duk zangon Salaga, unguwarmu ta Hausawa, an san ni da murya. Ba yabon kai ba, in na kira azahar, masu doya a can ƙarshen kasuwa sai sun ji. Mahaifina ne limamin unguwarmu. Idonsa ya mutu tun ina yaro, da murya yake gane mutane. Ladaninmu kuwa ya tsufa, Baba ma ya faɗa a gaban dattawa cewa bayan an haƙe doya ni za a ba ladanci.

Sai ga zaɓe, gab da samun 'yancin kai. Wani jami'in jam'iyya ya ji kirana, ya biyo ni har gida. Suna da mota mai lasifika, suna neman mai Hausa da zai bi su arewa. Ba ko sisi, wai aikin ƙasa ne. Ni kuwa kaina ya fashe, ban taɓa wuce bakin kogi ba.

Na durƙusa na gaya wa Baba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Maƙogwaro ɗaya Allah ya ba ka. Je ka, amma ka dawo mini da shi."

Ba zan ce ban ƙaru ba. Ni da ba na iya haɗa ido da babba, a Yendi na tsaya gaban malamai da attajirai na yi bayani har suna gyaɗa kai. Na koyi gaisuwa da Dagwambanci, yaren mutanen can, na koyi saurarar talaka yana kukan rashin rijiya. Wallahi na yarda da abin da muke faɗa, har yau ban ƙi shi ba.

A hawan dutsen Gambaga lasifikar ta mutu. Direba ya buga, ya hura, ya zage ta, ko tari ba ta yi ba. Muka shiga Bawku ranar kasuwa, 'yan hamayya sun riga mu da makaɗansu, ga shanu, ga jakuna, ga masu gero suna ciniki kamar faɗa. Jami'in nan ya dafa ni ya ce, "Malam ƙarami, ai kai ne lasifikar. Hau kan mota!"

Haba! Wai ni za a rufe wa baki da ganga? Na hau. Suna ƙara kiɗa ina ƙara ihu, tun hantsi har rana ta karkata. Jama'a suka baro makaɗan suka dawo wurinmu, daɗi ya kashe ni. Na ji ɗanɗanon jini a bakina, na haɗiye na ci gaba. Wauta ce tsagwaronta.

Washegari na buɗe baki, sai iska. Wata mai koko ta tausaya mini ta dafa citta da kanumfari, na sha zuma, na sha man shanu. Muryar ta dawo, amma ba tawa ba, wata ce mai kaushi kamar ana jan buhu a ƙasa. Da ita nake magana har yau.

Ɗan takararmu ya ci. Ladanci kuma aka ba ɗan baffana, shekara da shekaru ina bin sahu a bayan kiransa. Wannan na haɗiye shi tuntuni. Abin da ke cina har yanzu shi ne ranar da na dawo gida.

Da la'asar ce. Baba na zaune a zaure kan buzunsa, shi kaɗai. Na cire takalmi na yi sallama da iyakar ƙarfina. Ya ɗago kai, ya gyara zama, ya yi mini irin fara'ar da yake yi wa mutanen hanya.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Baƙo, shigo daga ciki. Daga ina?"