Ragon Layya da Na'urar Sanyin Hajiya

Har in kwanta dama ba zan manta da ranar da mai gyara ya durƙusa a bayan ɗakin Hajiya Adiza da kwanon ruwan sabulu ba. Ku 'yan mata masu aikin gidajen mutane, ku matso. Ban yi boko ba, jikata ce take rubuta mini.

Daga Zangon Sokode aka ɗauke ni zuwa garin Dapango jinyar Hajiya, wadda ɓarin jikinta ya mutu. Aikina wanka, juya ta a kan gado, da tsabtar ɗaki. Ɗanta Alhaji Isufu, mai fataucin shanu a Sokode, ya sa mata na'urar sanyi, wadda muke ce wa kilim, don likita ya ce zafi da gumi su ke buɗe gyambo a bayan mai kwanciya. Kilim kashi biyu ce, ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje, siririn bututun jan ƙarfe ya haɗa su. A cikin bututun nan gas ɗin sanyi yake zagayawa.

Da Babbar Salla Alhaji ya aiko da rago daga garin Mango. Ana ruwa, na rasa turke, na ɗaure shi a ƙarfen da ya riƙe kilim ta waje, ƙarƙashin rumfa. Kwana biyu yana fizga. Bayan Salla na riƙa ganin maiƙo a gaɓar bututun, ƙura tana manne masa. Ni mai tsabta ce. Kowace safiya sai in goge shi tas.

Sanyi ya riƙa raguwa, ba mu damu ba sai da bazara ta kama. Muka kira wani mai gyara na unguwa. Ya ce, "Iya, gas ne ya ƙare. Kamar na girki yake, sai ana ƙarawa." Ya ɗura, ya tafi. Sau uku yana ɗurawa, sanyin ba ya wuce mako biyu. Azumi ya zo cikin zafin Maris. Ina juya Hajiya ina mata fifita, zanen gado sharkaf, bayanta yana buɗewa. Takan ce, "Larai, wutar nan a ɗakin take ko a jikina?"

Sai Alhaji ya zo da nasa mai gyaran daga Sokode, wani dattijo, Malam Seidu. Ya ce, "Alhaji, gas ɗin kilim ba ya ƙarewa. A rufe yake, sai ya shekara goma yana zagayawa. In ya ragu, huda ce. Inda yake fita yakan bar maiƙo, ga shi ban ga maiƙo ba."

Na ce, "Malam, akwai. Ni nake gogewa." Na nuna masa wurin, na faɗi zancen rago a gaban Alhaji. Malam Seidu ya shafa ruwan sabulu, kumfa ta riƙa tasowa ƙanana ƙanana. Ya ce, "Iya, wata tara na'urar nan tana gaya muku inda yake mata ciwo."

Alhaji bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Inna Larai, ni na aiko da ragon ban aiko da turke ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar an liƙe hudar, ɗaki ya yi sanyi. Amma gyambon ya riga ya ci ciki. Kwana biyar Hajiya ta samu, a rana ta shida ta cika. Ni na yi mata wanka, ni na ga bayan nan nata.

Rai na Allah ne, na sani. Amma ku riƙe wannan: in mai gyara ya ce muku gas ya ƙare, ku tambaye shi ta ina ya fita. In kun ga tabo a jikin na'ura, ku nuna wa wanda ya sani kafin ku ɗauko tsumma. Ni har yau in na ga maiƙo, hannuna sai ya tsaya.